Zarton Tebur da Yatsun Kafintoci: Gardamar Shekara 22 a Amurka

A ƙasar Amurka, inda ladan ma'aikaci yake da tsada ƙwarai, kuma galibin gidajen zama da katako ake tayar da su, al'ada ta daɗe da kafuwa cewa magidanci, ko malamin makaranta ne ko akawu ko likita, yakan keɓe wani lungu a garejin motarsa ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya tara kayan kafinta, domin in ya taso daga aiki, ko ranar hutu ta zagayo, ya gyara ƙofarsa da kansa, ya haɗa wa iyalinsa tebur ko kabad, wani don gudun kashe kuɗi, wani kuwa don sha'awa tsagwaronta. A tsakiyar wannan lungu, in dai mai shi ya ɗauki abin da muhimmanci, ba a rasa injin nan da suke kira zarton tebur, wato tebur na ƙarfe mai tsaga a tsakiya, wadda faifan zarto yake leƙowa ta cikinta da haƙoransa a sama, lantarki yana juya shi wajen sau 4,000 a minti guda, mai aiki kuwa yana tura masa katako da hannuwansa biyu, yatsunsa suna wucewa kusa da haƙoran nan da tazarar da sau da yawa ba ta kai taƙi ba. A cikin kayan aikin katako babu wanda ya kai wannan inji amfani, babu kuma wanda ya kai shi cin yatsu.

Hukumar da gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa a 1972 domin ta kula da amincin kayan da jama'a suke saye su kai gida, wadda ake taƙaita sunanta da CPSC, tana da tsari na tattara labarin waɗanda aka kawo sashen gaggawa na wasu zaɓaɓɓun asibitoci, daga nan ta ƙiyasta adadin ƙasa baki ɗaya. Bisa ga wannan lissafi nata, a kowace shekara mutum sama da 30,000 ake garzayawa da su asibiti saboda zarton tebur ya ji musu rauni, kimanin 4,000 daga cikinsu kuwa yatsa ɗaya ko fiye suke rasawa ɗungurungum, wato fiye da mutum goma ke nan a kowace rana ta Allah. Abin da ya sa mas'alar ta cancanci a zauna a dube ta da natsuwa shi ne, tun 1999 aka gano dabarar da take iya mayar da mafi yawan waɗannan raunuka su tsaya a ƙwarzane, amma hukumar ta shafe shekara 22 tana jujjuya batun wajabta ta, sa'an nan a watan Agusta na 2025 ta janye maganar gaba ɗaya.

Kafin a shiga labarin gardamar, ya kamata mai karatu ya san yadda haɗarin yake aukuwa, domin a nan ne yawancin masu tofa albarkacin bakinsu suke kuskure. Wanda bai taɓa tsayawa gaban injin ba yakan zaci cewa sai wawa ko ɗan koyo ne zai kai hannunsa bakin zarto yana ji yana gani. Alhali kuwa katako yana da jijiya da kulli da danshi, kuma sau da yawa in an fara tsaga shi sai ɓangarorin biyu su koma su haɗe a bayan faifan su matse shi, haƙoran baya kuwa, da yake sama suke tasowa, sai su ɗaga katakon su harbo shi wajen mai aiki da ƙarfin da yakan karya haƙarƙari, hannun da ke danne da katakon kuma ya zame ya faɗa kan zarto tun ƙwaƙwalwa ba ta san abin da ake ciki ba. Mutum mai ƙoshin lafiya yana bukatar kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin ya janye hannunsa daga abin da ya cuce shi, a cikin wannan ɗan lokaci kuwa faifan ya riga ya kewaya fiye da sau goma. Ban da wannan akwai gafala, wadda ta fi kama gwani bisa ga ɗan koyo: mutum ya tsaga katako ɗari tun safe ba abin da ya same shi, gajiya ta sauko, yaro ya kira shi daga ƙofa, ko ya miƙa hannu zai kawar da wani guntu da ya maƙale kusa da faifan, shi ke nan abin da zai auku ya auku. Ɗan Adam ajizi ne, kuma a ganina duk hukuncin da za a yi wa inji irin wannan, in bai fara daga wannan haƙiƙa ba, to an gina shi bisa wani mutum da babu irinsa a duniya.

Wanda ya kawo dabarar da ake magana sunansa Stephen Gass, lauya ne a jihar Oregon, aikinsa rubuta wa masu ƙirƙira takardun da ke tabbatar musu da mallakar fasaharsu, yana kuma da digirin dakta a ilmin fiziks, sa'an nan shi kansa yana cikin kafintocin gida masu yi don sha'awa. Tunanin da ya zo masa shi ne, jikin mutum yana ɗaukar lantarki, busasshen katako kuwa ba ya ɗauka. Saboda haka in aka saka wa faifan zarto wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai, aka kuma haɗa na'urar da ke sauraronta ba ƙaƙƙautawa, to da zarar fata ta taɓa haƙori wutar za ta canja, na'urar ta gane. Da ta gane sai ta ƙona wata siririyar waya da ke riƙe da sifirin a matse, sifirin ɗin ya wurga wani dunƙulen ƙarfen alminiyam cikin haƙoran faifan, haƙoran su nutse a cikinsa su tsaya cik, ƙarfin juyawar kuma ya ja faifan ya faɗa ƙarƙashin tebur, duk wannan a cikin kashi biyar cikin dubu na sakan ɗaya. Burkin yakan lalace, sau da yawa har da faifan, sai an sayi wasu, amma yatsa yana nan. Gass ya gwada abin da yatsansa na kansa. A watan Agusta na 2000 shi da abokan aikinsa biyu, David Fanning da David Fulmer, suka kai injin babban bajekolin kayan aikin katako da ake yi a Atlanta, suna tura masa guntun naman nan na Turawa da ake ɗurawa a hanji, mai siffar yatsa, faifan yana tsayawa ya ɓace, naman kuwa bai sami komai ba sai ɗan tabo. Suka sa wa abin suna SawStop, a 2001 kuma hukumar CPSC da kanta ta ba su takardar yabo.

Niyyarsu da farko su ba manyan kamfanoni lasisin amfani da dabarar, su kuwa su riƙa karɓar la'ada a kan kowane inji, har zuwa kashi 8 cikin ɗari na kuɗin sari. Magana ta yi nisa da kamfanin Ryobi a 2002, har an rubuta yarjejeniya, amma ba ta kai ga ƙulluwa ba, sauran kamfanonin ma babu wanda ya karɓa. Kamfanonin sun ce la'adar ta yi yawa, dabarar kuma ba a jarraba ta isasshe ba, ga shi ɗanyen katako yana iya sa burkin ya kama ba gaira ba dalili. Gass kuwa zarginsa shi ne sun haɗa baki ne don tsoron shari'a, domin ranar da kamfani ɗaya ya fito da zarto mai wannan burki, duk sauran da ba su da shi sun zama abin kai ƙara a gaban alƙali. Har ya kai su kotu kan wannan zargi a 2014, amma daga ƙarshe aka kori ƙarar bisa hujjar cewa ya makara wajen shigar da ita, ba tare da an tabbatar da zargin ko an ƙaryata shi ba. Da ƙofofi suka rufe sai suka koma ƙera injin da kansu, suka fara sayarwa a 2004.

Tun kafin haka, a watan Afrilu na 2003, sun riga sun rubuta wa CPSC takardar koke suna neman ta wajabta wa kowane zarton tebur irin wannan kariya. Dalilin da ya sa wannan hukuma suka nufa shi ne, ma'aikacin masana'anta yana ƙarƙashin wata hukuma dabam, OSHA, wadda take iya aika mai duba aiki ya tilasta wa mai masana'anta ya rufe zartonsa ya kuma koya wa yaransa; amma magidancin da ke aiki a garejinsa babu mai dubawar da zai shiga gidansa, kuma bai kamata a shiga ba, saboda haka hanya ɗaya tak da hukuma take da ita ta kare shi ita ce ta gyara injin tun a wurin ƙera shi. Sai dai majalisar dokoki ta ɗaure hannun CPSC tun 1981, ta shar'anta mata cewa ba za ta kafa doka ta tilas ba sai ta tabbatar ƙa'idojin da kamfanoni suka yarda su bi don ra'ayin kansu ba su wadatar ba, ta kuma auna amfanin dokar da kuɗin da za ta ci, ta nuna cewa ta zaɓi hanya mafi sauƙin nauyi. Kowane ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa yana cin shekaru. A watan Yuli na 2006 kwamishinonin hukumar suka jefa ƙuri'a, biyu suka amince da koken, ɗaya ya ƙi. Kwana kaɗan bayan haka shugabansu ya ajiye aiki, aka rasa adadin da zai ci gaba da maganar, takardun suka kwanta har shekara biyar.

Kamfanonin ba su zauna hannu rabbana ba, kuma adalci ne a faɗi abin da suka yi. Ƙungiyarsu da ake kira PTI, wadda ta haɗa masu ƙera Bosch da Makita da DeWalt da Ryobi da wasunsu, ta yi aiki aka gyara ƙa'idar da suke bi a 2007, aka fito da sabon murfin zarto mai sauƙin cirewa da mayarwa, aka kuma shigo da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake kafawa daf da bayan faifan, yana hawa da sauka tare da shi, aikinsa ya hana katako komawa ya matse zarto. Wannan ƙarfe abu ne mai arha mai albarka, wanda Turai ta daɗe da wajabtawa, kuma duk kafintan da ya yi aiki da shi ya san yana rage harbin katako. Amma da ma'aikatan CPSC suka bi lissafin asibitoci daga 2004 zuwa 2015, ba su ga wani canji bayyananne a yawan masu rauni ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: akwai yanka iri-iri da ba sa yiwuwa sai an cire murfin, wanda ya cire kuwa ba kullum yake mayarwa ba, kuma murfin da ke rataye a bango ba ya kare kowa.

Abin da ya tayar da maganar daga barci shari'a ce da aka yi a Boston. Wani saurayi ɗan asalin Kolombiya, wanda ya sami aikin shimfiɗa daɓen katako a jihar Massachusetts bai daɗe ba, ya yanke yatsunsa a 2005 da wani ƙaramin zarton Ryobi da ubangidansa ya saya a ƙasa da dala 200, yana aiki babu murfi, babu kuma ƙarfen da ake jingina katako da shi don ya tafi a miƙe. A watan Maris na 2010 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce lalle yana da kashi 35 cikin ɗari na laifi, amma duk da haka injin yana da aibi a ƙirarsa tun da akwai dabarar tsayar da faifai kuma kamfanin ya san da ita, suka yanke masa diyyar dala miliyan ɗaya da rabi, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Oktoba na 2011. Kafintoci da yawa sun fusata da wannan hukunci, suna cewa an ba mutum lada a kan sakacinsa. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan saurayi ba shi ya zaɓi injin ba, ba shi ya saye shi ba, bai kuma sami wanda ya zaunar da shi ya koya masa yadda ya kamata ba. A watan nan na Oktoba ne CPSC ta ba da sanarwar farko cewa za ta fara shirya doka.

A nan kuma dole a juyo kan Gass, domin hujjar abokan hamayyarsa mafi ƙarfi shi da kansa ya miƙa musu ita. Da yake rubuta takardun mallaka sana'arsa ce, sai ya kewaye dabararsa da takardu sama da ɗari, har ya zama da wuya wani ya ƙera zarto mai gane fatar mutum ba tare da ya taka ɗaya daga cikinsu ba. Kamfanin Bosch ya gwada: ya fito da nasa injin mai suna Reaxx a 2016, wanda maimakon ya daki faifan da burki sai wani harsashin iska ya fizge shi ƙasa, faifan bai lalace ba. SawStop ya kai ƙara gaban hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka, a watan Janairu na 2017 ta yanke cewa Bosch ya taka takardu biyu, aka hana shigo da injin ƙasar. Daga baya sun sasanta Bosch ya sami lasisi, amma bai dawo da injin kasuwar Amurka ba. Mutumin da yake roƙon gwamnati ta wajabta wa kowa wani abu, sa'an nan yana korar duk wanda ya kawo makamancinsa, ya shiga shubuha, kuma abin yana kama da ihtikarin da malamai suka yi hani da shi, wato mutum ya tare abin da jama'a suke cikin larurarsa don ya sayar yadda ya so. Ba a hana mai ƙirƙira cin gajiyar wahalarsa, amma akwai misalin kamfanin Volvo na Suwidin, wanda injiniyansa Nils Bohlin ya ƙirƙiro bel ɗin mota mai maɗauri uku a 1959, kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi. Da Gass ya bi ko da rabin wannan tafarki, da gardamar ba ta kai haka tsawo ba.

Duk da wannan, hukumar ta fito da daftarin doka a watan Mayu na 2017, ta sabunta shi a watan Nuwamba na 2023, kuma daftarin bai ambaci sunan kowane kamfani ba. Abin da ya ce kawai shi ne, in aka tura wani abu mai kwaikwayon yatsa zuwa ga faifan da ke juyawa da saurin mita ɗaya a sakan, kada zurfin yankan ya wuce milimita uku da rabi, domin bayan wannan zurfi ne ake fara isa jijiyoyi da manyan hanyoyin jini. Kowane kamfani ya nemi dabarar da zai cim ma wannan, an kuma ba su shekara uku su shirya. A zaman sauraron jama'a da aka yi ranar 28 ga Fabrairu, 2024, shugaban SawStop na lokacin, Matt Howard, ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ranar da dokar ta fara aiki za su saki muhimmiyar takardar da ta rage a hannunsu, wadda wa'adinta ba zai ƙare ba sai 2033, ta zama ta kowa. Kamfanin a lokacin ya riga ya bar hannun Gass, domin wani kamfanin Jamus, TTS, mai injinan Festool, ya saye shi tun 2017, yawancin takardun farko kuma wa'adinsu na shekara ashirin ya cika.

Da hujjar ihtikari ta yi rauni, sai nauyin gardama ya koma kan farashi, kuma wannan hujja ce ta gaskiya wadda bai dace a yi mata riƙon sakainar kashi ba. A lokacin, ƙaramin zarton tebur ana samunsa a dala ɗari biyu ko uku, mafi arhar SawStop kuwa ya kusa dala 900, ban da kuɗin sabon burki, kimanin dala 100, da na sabon faifai duk lokacin da ya kama. Burkin yana bukatar gangar jiki mai ƙarfi da za ta jure dukan, saboda haka ba a iya liƙa shi a kan inji mai arha sai an sake ƙirar injin dukansa, kuma ita kanta hukumar ta yarda cewa kuɗin ƙananan injina zai yi tsalle ƙwarai. Masu adawa suka ce talaka da ɗan koyo da ƙaramin ɗan kwangila za a kora daga sana'a, wasu kuma za su koma sayen tsofaffin injina, ko su kife zarton hannu a ƙarƙashin falanki su mai da shi tebur, wanda haɗarinsa ya ninka na farko. Wasu kuwa batun 'yanci suka riƙe, suna cewa baligi mai hankali da ke aiki a gidansa shi ya san abin da zai iya ɗauka, ga SawStop nan a kasuwa, mai so ya saya. Har 'yan majalisar wakilai biyu, Marie Gluesenkamp Perez ta jihar Washington da John Duarte na Kalifoniya, ɗaya daga kowace jam'iyya, suka gabatar da ƙuduri a 2024 don a dakatar da hukumar, kamar yadda wani ƙuduri na wajabta burkin ya mutu a majalisar dattawan Kalifoniya a 2012 bayan ya tsallake ta wakilai.

Na auna waɗannan hujjoji, kuma ga inda na tsaya. Maganar cewa zarto mai arha yana da arha ba ta cika gaskiya ba, domin ragowar kuɗinsa ana biya, sai dai ba a kanti ba: ana biya a ɗakin tiyata, da watannin da mutum zai yi ba aiki, da sana'ar da wani zai bari har abada, kuma ma'aikatan hukumar sun ƙiyasta wannan asara, in an haɗa da kimar azabar da aka sha, a wajen dala biliyan 4 kowace shekara. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun ƙayyade diyyar kowane yatsa raƙuma goma, wato ushirin diyyar rai, ba su bambanta babba da ƙarami ba, domin sun san cewa hannu shi ne jarin mai sana'a. Kamfanin da ya sayar da inji ya ci ribarsa, ya bar wa mai saye da iyalinsa da asibiti wannan nauyi alhali maganin yana nan an sani, bai sauke abin da ke wuyansa ba. Hujjar 'yanci kuma tana da ƙarfi ne a kan wanda ya sayi injin da kuɗinsa yana sane da haɗarinsa, amma ba ta kama ɗansa da ya shiga gareji ba, ko maƙwabcin da ya zo aro, ko lebura irin na Massachusetts. Kuma abin baƙin ciki shi ne, tsarin da ake ciki ya raba mutane gida biyu, mai hali ya sayi kariya, marar hali ya sayi haɗari, alhali shi ne wanda rashin yatsa zai fi durƙusarwa. Tsoron cewa mutane za su koma kife zarton hannu kuwa dalili ne na a tsawaita wa'adi, ko a fara da manyan injina a gangaro kan ƙanana, ko a ƙayyade la'ada. Ban ga yadda ya zama dalilin a bar komai yadda yake ba.

Ita kanta hukumar ta taɓa bin wannan hanya ta ga amfaninta. Injin yankan ciyawa da ake turawa da hannu ya daɗe yana cin yatsun hannu da na ƙafa a Amurka, sai ta kafa doka da ta fara aiki a 1982 cewa in mai turawa ya saki mariƙi, dole wuƙar ta tsaya cikin sakan uku. An yi kukan tsada a lokacin, yau kuwa babu mai neman a dawo da tsohon yayi. Dabarun ma ba su tsaya a kan na Gass ba, domin kamfanin Felder na Ostiriya ya ƙera zarto mai gane hannu tun bai taɓa faifai ba, Altendorf na Jamus kuma ya yi mai kallon hannu da kyamara, ko da yake duka biyun manyan injinan masana'antu ne masu tsada. Abin da yake sauko da farashin irin wannan fasaha shi ne yawan ƙerawa da gasa, su kuwa doka ce take kawo su. Ta nan ne ma al'amarin ya shafe mu, domin sunayen nan, Bosch da Makita da DeWalt, su ne a kan injinan da kafintocin Kano da Maraɗi da Kumasi suke saye, sababbi da na hannu, kuma abin da babbar kasuwa irin ta Amurka ta wajabta shi ne yake arha har ya iso 'yan katako, inda sau da yawa faifai tsirara yake juyawa a kan teburin da mai walda ya haɗa.

Ƙarshen maganar bai zo ta hanyar hujja ta rinjayi hujja ba. A watan Mayu na 2025 Shugaba Donald Trump ya sallami kwamishinoni uku daga cikin biyar na hukumar, wato Alexander Hoehn-Saric da Mary Boyle da Richard Trumka ƙarami, waɗanda su ne suka tura daftarin 2023 gaba. Suka kai ƙara, wani alƙali ya mayar da su, amma a watan Yuli Kotun Ƙoli ta bar sallamar ta tsaya. A watan Agusta, ƙarƙashin shugaban riƙo Peter Feldman, wanda tun da fari bai gamsu da dokar ba, hukumar ta janye daftarin zarton tebur tare da wasu daftarori da ke jiran hukunci. Da yake alkawarin da SawStop ya yi an rataya shi ne a kan ranar da doka za ta fara aiki, sharaɗin bai tabbata ba, takardar kuwa wa'adinta yana nan har 2033. Wanda zarto ya yanka yana iya zuwa kotu kamar yadda aka yi a Boston, inda ake cin kamfanoni a wasu ƙararraki su kuɓuta a wasu, kowace ƙara kuma sai bayan yatsa ya riga ya tafi ake shigar da ita. Duk hukumar da ta so ta tayar da maganar nan gaba kuwa, sai ta sake bin matakan nan da dokar 1981 ta shar'anta tun daga na farko.